Jan Katin Barewa

Shekara goma sha tara ke nan ina buga takardu a ofishin wasanni na kwalejinmu, kuma a cikin dubban takardun da suka bi ta hannuna guda ɗaya ce tak take hana ni sukuni. Girmanta bai kai tafin hannu ba. Na daɗe ina jan bakina ina yin shiru, na ga shirun ba ya ƙara ni da komai sai hawan jini, shi ya sa na zauna na rubuta abin da idona ya gani, har da nawa laifin a ciki.

Ba zan yi wa Darakta ƙage ba, mutumin ya iya aiki. Lokacin da aka ba shi shugabancin wasanni, filinmu ciyawa ce da awakin maƙwabta. Shi ya tsaya kai da fata har aka shimfiɗa hanyar tsere mai layi takwas, aka gina wa 'yan mata ɗakin canza kaya, aka daina kai yara gasa a bayan motar ɗaukar yashi. Ƙarfe bakwai na safe a ofis take yi masa. Amma abin da ya fi fito da sunansa shi ne tsarin kati, wanda shi ya ƙirƙiro shi da kansa.

Ga yadda abin yake. Duk ranar Litinin 'yan wasa za su yi layi a asibitin kwaleji, Sista, wato nas ɗinmu, ta duba kowa, ta latsa gwiwa, ta latsa ƙwauri, ta saurari ƙirji. Ba ta gaya wa ɗalibi sakamako baki da baki, don kada a tsaya yi mata magiya da kuka. Sunaye take rubutawa ta aiko mini, mai lafiya da koren biro, mai matsala da jan biro. Ni kuma in buga katuna, Darakta ya sa hannu, a raba. Wanda ya samu kore ya shiga fili. Wanda ya samu ja, ko ɗan shugaban kwaleji ne, benci zai ɗumama har sai Sista ta sallame shi. Na sha ganin ƙato mai gemu yana hawaye a bakin ofishinmu saboda jan kati, Darakta ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Yi haƙuri, ɗana. Kofi yana dawowa baɗi, ƙafarka ba ta da baɗi." Iyaye har wasiƙar godiya suke aiko masa.

Mutum ɗaya ce sunanta ba ya zuwa a takardar Sista, ita ce 'yarsa ta cikinsa. Ɗalibai suna kiranta Barewa, saboda in ta shiga tseren mita ɗari takwas sai dai a yi rigimar wa zai zo na biyu. Yayyenta maza biyu sun ƙi gudu, ɗaya ƙiba ta hana shi, ɗaya taurin kai, don haka duk burin uban ya tattaru a kanta tun tana shekara bakwai. Mahaifiyarta kaɗai take ce mata Auta. Shi ko a gida, ko ruwa zai ce ta miƙo masa, Barewa yake kiranta.

"Wannan a gida nake duba ta," haka ya ce mini tun shekarar da ta shigo kwaleji. "Ki riƙa buga mata kore kawai."

Wa zai yi musu? Kowa ya ɗauka yarinyar da take kwana gida ɗaya da mai tsarin kati ai ta fi kowa samun kulawa. Ni ma haka na ɗauka.

A ofishinsa akwai kabad na gilashi cike da kofuna, amma a tsakiyar layin sama akwai gurbi guda da ya bari ba komai. Wurin babban kofin gasar kwalejoji ne, wanda bai taɓa ci ba a shekara ashirin da shida. Da kansa yake goge ƙurar gurbin da hankicinsa. A shekarar da nake ba da labari saura masa wata goma ya yi ritaya, ga shi kuma mu ne masu masaukin gasar.

Tagar kicin ɗina a gidajen ma'aikata tana kallon ƙofar bayan gidan Darakta, mai matakala uku. Saura mako shida gasa, wata safiya ina wanke kwanuka na ga Barewa ta dawo daga atisaye. Yarinyar da take tsallake matakalan nan uku da taku ɗaya, ranar sai da ta dafa bango, ta ɗora ƙafar dama, sannan ta jawo ta hagu.

"Barewa, lafiya?" na ce ta taga.

"Lafiya lau, Anti. Ƙwaurina ne yake ɗan yi mini zafi. Baba ya ce tsami ne."

Da yamma na shiga gidan mayar da turmin da na ara. Na tarar da ita zaune a tabarma, mamanta tana gasa mata ƙafar da ruwan zafi da tsumma. Duk sa'ad da tsumman ya taɓa wani wuri a tsakiyar ƙwaurin, sai yarinyar ta cije leɓe ta kalli rufi. Darakta yana kan kujera yana cin abinci, agogon tsere rataye a wuyansa, don ko a teburin abinci ba ya rabuwa da shi.

"Yau minti biyu da daƙiƙa goma sha uku kika yi," ya ce, bai ɗago kai ba. "Makon jiya tara. Ina daƙiƙa huɗun nan suka tafi?"

"Baba, in na taka ne nake ji kamar ana soka mini allura a cikin ƙashi."

"Kowane ɗan tsere yana da allurarsa. Ni da tsagaggen yatsa na yi gasa uku."

Na raka mamanta kicin, na rage murya na ce ya kamata Sista ta ga ƙafar nan. Ta dube ni kamar na faɗi wani abin kunya.

"Haba, ke kuwa. Mutumin da kwaleji guda take dogara da shi a kan lafiyar yara, shi zan ce wa bai san ciwon 'yarsa ba? Ai aikinsa ne. Ni dai nawa ruwan zafi."

Mako ya zagayo, ɗingishin Barewa ya fito fili. In ta ga mutane sai ta miƙe ta daidaita tafiya, in ta ɗauka ba mai kallo sai ta jingina da duk abin da ta samu. Ranar Litinin ta zo ofis karɓar katinta, Darakta yana taro, Sista kuma ta kawo takardarta da kanta. Na rufe ƙofa na ce, "Sista, don Allah ki ɗan duba mana ƙafar nan tunda Allah ya haɗa ku."

Sista ta zaunar da ita a kujerar baƙi, ta bi ƙashin ƙwaurin da babban yatsa a hankali, daga gwiwa zuwa ƙasa. Da ta kai tsakiya, Barewa ta zabura har ta ture kwandon shara. Sista ta ce ta tsaya a ƙafar hagu ta yi tsalle sau ɗaya. Ta gwada, ta kasa barin ƙasa.

"Sista, mene ne?"

"Kin san doka, 'yata. Kati ne zai gaya miki."

Da yarinyar ta fita, Sista ta zaro jan biro ta rubuta sunanta a ƙasan takardar. Ta ce mini tana kyautata zaton ƙashin ya fara tsagewa, irin tsagar da yawan gudu yake kawowa. In aka ɗauki hoto aka huta wata biyu, zai haɗe kamar ba a yi ba. In aka ci gaba da duka a kansa, wata rana zai karye gaba ɗaya.

Na buga jan katin, na sa shi a saman sauran, na kai wa Darakta bayan taro. Ya karanta sunan sau biyu. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Wa ya kai ta wurin Sista?"

"Ni ce, Yallaɓai. Na ga tana ɗingishi."

"Malama, ke likita ce?"

"A'a, Yallaɓai. Amma Sista ta ce..."

"Sista ta ga ƙafar minti biyu. Ni shekara goma sha uku ina kallonta." Ya jawo durowarsa ta ƙasa ya jefa katin ciki ya tura da gwiwa. "Ki fahimce ni. In na zaunar da ita yanzu, gobe za a ce Darakta ya ɓoye 'yarsa don yana tsoron ta sha kaye a gida. Sauran yaran ma kowa ya fara jin ciwo. Mako biyar ne kawai. Bayan gasa ta huta shekara in tana so."

Na yi ta maza na ce, "Yallaɓai, ai kai kake cewa ƙafa ba ta da baɗi."

Ya dube ni tsawon lokaci, ba fushi a fuskarsa, kamar malami yana kallon ɗalibar da ta kasa gane abu mai sauƙi.

"Waɗancan 'ya'yan mutane ne, amana aka ba ni. Dole in mayar wa iyayensu su yadda na karɓe su. Wannan tawa ce. Je ki buga kore."

Na koma teburina na buga kore. Ina da yara uku a makaranta, gidan da nake ciki na kwaleji ne, kuma sa hannunsa ne yake sabunta mini zama duk shekara. Waɗannan su ne dalilaina, na kuma san ba su fi nasa kyau ba.

Da la'asar Barewa ta dawo. Na miƙa mata katin ban iya kallon idonta ba. Ta juya shi ta ga kore, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi. Ashe Sista ma ta ce ba komai. To ni ce raguwa ke nan, Anti."

Ta yi dariya ta fita tana jan ƙafa. Na bi bayanta da kallo.

Daga nan kwanakin suka riƙa taɓarɓarewa a gaban idona. Mako na uku aka daina ruwan zafi aka koma ƙanƙara da bandeji. Mako na huɗu na ga mamanta tana ajiye mata ƙwayar kashe zafi guda biyu kusa da kofin shayi, daga baya suka zama uku. Ƙwaurin ya kumbura ya yi sheƙi, sai ta koma sa doguwar safa har gwiwa, 'yan mata kuma suka ɗauka sabon yayi ne suka fara kwaikwayonta. Matakalan nan uku ta daina hawansu a tsaye. In ta duba ba kowa, sai ta zauna a na farko ta ja jiki da baya zuwa na biyu. Nakan saki labulen tagata don kada ta san na gani.

Na tare Koci, mai horar da 'yan tsere, a bakin ɗakin ajiye kaya. Ya san komai, ai shi yake tsaye a gefen fili kullum.

"Malama, ni ɗan kwantiragi ne," ya ce yana naɗe igiya. "Kati ya ce kore. In na zaunar da mai koren kati, na karya dokar Darakta. In kuma na je na ce masa 'yarka ba ta da lafiya, ya ce a gidana kake kwana? Ki rufa mini asiri."

Na je wurin Sista. Ta ce ta tambayi Darakta da ta ga yarinyar a fili, ya ce mata ya kai ta wani asibiti a gari an ɗauki hoto, ƙashi lafiya lau.

"Kin ga hoton?"

"Zan ce wa Darakta ya nuna mini shaida a kan 'yarsa? Ni dai na rubuta da jan biro. Nawa ke nan."

Kowa ya yi nasa, kowa ya wanke hannu. Ni ma duk Litinin ina buga kore ina cewa nawa ke nan.

Saura kwana huɗu gasa, Barewa ta shigo ofishina ta zauna a ƙasa bayan kabad ɗin fayil, inda ba a hango mutum daga ƙofa. Ta miƙe ƙafar, gumi yana tsattsafo mata a goshi alhali fanka tana juyawa.

"Anti, bari in ɗan ɓuya a nan minti goma."

Na ba ta ruwa. Na ce, "Barewa, in kin ji ba za ki iya ba, ki ce ba za ki iya ba. Ba wanda zai ɗaure ki."

"In ce wa Baba?" Ta yi murmushi. "Anti, tun ina ƙarama ban san wata hira tsakanina da shi ba sai ta daƙiƙa. In na yi lokaci mai kyau, ranar har wasa yake yi da ni a mota. In na tsaya, ban san da wane ido zai kalle ni ba. Kuma ai Sista ta duba ni. Da akwai wani abu da an ba ni ja, ko ba haka ba?"

Maganar tana bakina. Durowar tana bayan ƙofa ɗaya tak, taku biyar daga inda take zaune. Sai wayar teburina ta yi ƙara, na ɗauka, na kuma ji daɗin da ta yi ƙarar. Kafin in ajiye ta tashi ta tafi.

Ranar ƙarshe ta gasa fili ya cika maƙil. Ni aka ba wa takardar tattara maki a teburin alƙalai. Kafin tseren mita ɗari takwas na ga Darakta da kansa durƙushe a gaban Barewa yana naɗa mata bandeji, yana ja da ƙarfi, mutane suna nuna su suna cewa ka ga uba na gari. Aka harba bindiga. Ban san inda yarinyar nan ta samo abin da ta yi gudu da shi ba. Ta zo ta ɗaya, ta wuce layi ta faɗi a ciyawa ta rungume ƙafar, fili kuwa ya ɗauki sowa ana kiran sunanta.

Na tara makin sau biyu don kada in yi kuskure. Mun ba kwalejin da take bin mu tazarar da ko ta cinye duk abin da ya rage ba za ta kamo mu ba. Abin da ya rage kuwa ɗaya ne, tseren mutum huɗu na miƙa sanda, kuma Barewa ce ta ƙarshe a cikin huɗun. Na ruga da takardar har inda yake.

"Yallaɓai, kofi ya zama namu. Ko ba mu shiga na ƙarshen ba mun ci. A sa wata a madadinta."

Ya duba takardar, fuskarsa ta cika da murna. Sannan ya dubi rumfar manyan baƙi.

"Sunanta yana cikin jadawalin da aka raba. Mutanen can ita suka zo gani. Zagaye ɗaya ne, Malama. Wanda ya yi biyu ai ɗaya ba zai gagare shi ba."

Ya je ya tsuguna kusa da ita. Ban ji duk abin da ya ce ba, amma na ga ya shafa kanta, abin da ban taɓa gani ya yi ba. Ta share ido ta miƙe.

Ta karɓi sanda tana ta biyu. Ta kamo ta gaban a miƙaƙƙen layin baya. A kwanar ƙarshe, daidai gaban teburinmu, na ji ƙarar, kamar an karya busasshen icce a gwiwa. Ta kifa da fuska, sandar ta yi gaba ita kaɗai. Ƙafar ta lanƙwashe a inda ba gaɓa. Ba ta yi ihu ba da farko, ɗagowa ta yi tana neman sandar da hannu.

An ba da kofin bayan motar asibiti ta fita. Darakta ya karɓa, an ɗauki hoto, sannan ya bi su.

Likitan ƙashi bai ɓoye komai ba. A gabana ya ce wa iyayen wannan ba karayar yau ba ce, tsohuwar tsaga ce da aka yi makonni ana taka ta, ga kuma maganin kashe zafi da ya hana jiki yin gargaɗi. Aka yi aiki aka sa ƙarfe. Wurin ya ruɓa, aka sake buɗewa. Aka yi na uku. Wata biyar tana kwance, da ta tashi ƙafar hagu ta gaza ta dama tsawo. Likita ya ce maganar gudu a manta da ita, tafiya ma da sanda ce, wataƙila har abada. Shekararta ashirin.

Mamanta ta rame ta yi baƙi a jinya, amma ko a bakin gadon asibiti maganarta ɗaya ce. "Ƙaddara ce. Abin da Allah ya rubuta wa Auta ke nan. Babanta ma ba ya iya cin abinci." Gaskiya ne ya rame. Sai dai duk zuwan da zai yi asibiti ba ya wuce minti goma, ya tsaya daga ƙafar gado ya tambayi nas yanayin jiki, ya rasa abin da zai ce wa mai jikin, ya duba agogo ya tafi.

Kwaleji ta kafa kwamitin bincike na mutum uku. Suka ce a kawo katunan Barewa na zangon gaba ɗaya. Na kai musu, goma sha huɗu, kore shar, kowanne da sa hannu. Takardun Sista kuwa ba a ajiye su, da na buga kati ake yaga su, haka tsarin yake tun farko. Ba wanda ya kira ta, ita ma ba ta kawo kanta ba. Ni an kira ni, aka tambaye ni ko ni na buga katunan, na ce ni ce. Ba su tambaye ni wani abu ba, ni ma ban ƙara ba. Rahoton ya ce an bi ƙa'ida sau da ƙafa, hatsari ne irin na wasa, ya kuma yaba wa Darakta da ya jure wannan jarrabawa a ranar nasararsa.

Rahoton nan da kofin nan su suka kai shi gaba. Maimakon ritaya, aka naɗa shi shugaban hukumar wasannin kwalejoji, da aikin yaɗa tsarin kati a ko'ina. Kwaleji ta shirya masa taron ban kwana a babban zaure.

Da safiyar ranar ina taya shi kwashe ofis. Ya ce yana son jan kati guda ya nuna wa baƙi a jawabinsa, in buga masa samfuri. Na ce jan kwali ya ƙare tun makon jiya, ba a kawo wani ba. Ya yi tsaki, ya jawo durowar ƙasa yana bincike, sai ga jan katin Barewa a hannunsa. Ya karanta sunan da ke jiki. Na ɗauka wani abu zai faɗa.

"Wannan ma ya isa," ya ce. "Shafe sunan da farin ruwan nan naki na gyaran rubutu."

Na shafe. Na hura shi ya bushe, na miƙa masa.

Zaure ya cika. Iyalinsa suna layin gaba, Barewa a bakin layi, sandarta jingine da kujera. Ya yi jawabi mai kyau, don ya iya magana. Ya ba da tarihin filin awaki, aka yi dariya. Sannan ya ɗaga katin sama ya juya shi hagu da dama.

"Wannan ɗan kwalin da kuke gani," ya ce, "ya ceci ƙafafun yara fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Shugabanci shi ne ka iya kallon idon yaro ka ce masa a'a, ko da kofi zai kuɓuce maka."

Aka miƙe tsaye ana tafi. Koci yana tafi, Sista tana tafi, mamanta tana share hawaye da gefen mayafi. Ni ma hannuwana sun haɗu, ba zan yi ƙarya ba. A zauren nan akwai mutum huɗu da suka san abin da ya faru da ƙafar yarinyar nan, ni da Koci da Sista da shi kansa mai jawabin, kuma dukkanmu mutanen kirki ake kiranmu. Ba wanda ya doke ta, ba wanda ya zage ta, ba wanda ya hana ta abinci. Dokar da ta kare ɗan kowa a kwalejin nan ta tsaya a bakin ƙofar gidansu, saboda mun yarda cewa abin da uba ya yi da 'yarsa ba ruwan kowa.

Da aka tashi, jama'a suka yanyame shi ana gaisawa. Ya bar katin a kan tebur kusa da kwalbar ruwa. Ina tattara takardu na ji ƙwas-ƙwas ɗin sandarta a bayana.

"Anti, ban taɓa riƙe ja a hannuna ba," ta ce tana murmushi. "Shekara uku ina wasa, ko sau ɗaya."

Ta ɗauka kafin in kai hannu. Ta duba kwanan watan da ke ƙasa, wanda ban shafe ba don ba a ce in shafe ba. Murmushin ya tsaya. Ta sa farcen babban yatsa ta fara kankare farin, a hankali, garin yana zuba a kan rigarta. Harafi na farko ya fito, na biyu ya fito. Ba ta tsaya ba sai da sunan ya fito duka.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗago ta dube ni, ba hawaye, ba fushi, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Ashe ja ne, Anti."

Ta ɗago katin ta nuna mini.

"Ke kika buga shi?"

"Ni ce."

"Da koren?"

"Ni ce."

Ta gyaɗa kai kamar an gaya mata lokacin tashin mota. Daga can gaban zaure mai hoto ya ɗaga murya yana cewa iyali su matso. Darakta ya waiwayo, kofin a rungume a ƙirjinsa, ya yafuto ta da hannu.

"Barewa, yi sauri mana, ana jiranki."

Ta sa katin a aljihu ta tafi, taku ɗaya da jan ƙafa ɗaya, ina biye da ita. Da ta isa, mamanta ta raɗa mata wani abu, ta zare sandar daga hannunta ta miƙo mini.

"Riƙe mana wannan, kada ta ɓata hoton."

Ba ta iya tsayuwa ba sanda, don haka ta kama hannun babanta ta jingina da shi. Mai hoto ya ce kowa ya yi murmushi. Hoton yana nan rataye a ofishinmu har yau, sama da teburina, kuma duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya ya ce, kai, dubi yadda yarinyar nan take ƙaunar mahaifinta.